Fitar da hoton marigayi daga tsohon fim ɗin gida: wace hanya ta fi?

A gidaje da dama na Sakkwato akwai dattijon da ya rasu bai bar hoto mai kyau ko ɗaya ba. Wasu malamai da gangan suka ƙi tsayawa gaban mai hoto, wasu kuma hotunansu gara ta ci ko ruwan damina ya lalata. Amma sai ka tarar a ƙasan wani akwatin ƙarfe akwai 'yan faifan fim siriri, wanda wani ɗan gidan da ya yi karatu a Ingila, ko ya yi aikin gwamnati zamanin Jihar Arewa maso Yamma, ya ɗauka ranar hawan salla, ko rakiyar alhazai, ko kamun kifin Argungu lokacin tana cikin jihar Sakkwato. A ciki dattijon ya gifta na 'yan daƙiƙoƙi, ya waiwayo, ya wuce. Jikoki suna son a tsayar da wannan waiwayen a wanke shi a takarda.

Ana iya yi. Sai dai hanyoyin ba ɗaya suke ba, kuma wadda aka fi saurin kamawa ita ce ta fi ɓarna. Ra'ayina tun daga farko shi ne: in hotuna kaɗan kake so, ka ɗauki gidan hoton, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙananan hotunan da ke jere a jikin zaren fim, kai tsaye da kyamara mai gilashin kusa, ka wanke shi ƙarami, kada ka yanka fim ɗin, kada kuma ka bar wata manhaja ta taɓa fuskar mamacin. Dalilan su ne za su biyo baya.

Komai ya rataya ne a kan ƙanƙantar gidan hoton. Fim ɗin 8mm na asali, wato mai faɗin milimita 8, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1932, kowane gida faɗinsa kusan milimita 4.5 ne, tsayinsa 3.3. Super 8 da ya zo a 1965 ya ɗan ɗara, kusan milimita 5.8 da 4. Duka dai bai fi ƙwayar wake ba. Fim ɗin da masu hoto ke sakawa a kyamara a da kuwa, gidansa milimita 36 ne da 24, wato ya ninka na Super 8 kusan sau 37 a fili. Don a wanke hoto mai inci 4 da 6 daga fim ɗin masu hoto, faɗaɗawa sau huɗu da ɗoriya ta isa. Daga Super 8 sai an faɗaɗa kusan sau 26, daga 8mm na asali kuma sau 30 da wani abu. Duk ƙurar da ta zauna a kai, duk ƙarzuwa, su ma haka za su faɗaɗa. In ka yi sa'a naka 16mm ne, mai gida kusan milimita 10 da 7.5, to kana da sarari sosai.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Kyamarar Super 8 tana ɗaukar gida 18 a daƙiƙa ɗaya, ta 8mm ta asali kuma 16, kuma kowane gida yana shan haske na kusan kashi ɗaya cikin 40 na daƙiƙa. Wannan jinkiri ne ga abu mai motsi. Lokacin da fim ke gudu ido yana haɗa gidajen sai ka ga komai garau, amma in ka tsayar da guda ɗaya na mahayin da ke sukuwa, sai ka ga doki da mahayi sun narke. Saboda haka rabin aikin ba na na'ura ba ne, na haƙuri ne: neman gidan da mutumin ya tsaya cak, fuskarsa ta cika wuri, rana kuma ba ta bayansa. Ƙaramin faifan Super 8 mai ƙafa 50 yana ɗauke da gida kusan 3,600, kallon minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. A cikinsu wataƙila goma ne za su yi hoton takarda.

Kafin ka zaɓi hanya, duba abin da ke hannunka. Hujin gefen Super 8 ƙanana ne, kowanne yana daidai tsakiyar gida. Na 8mm na asali manya ne, suna daidai layin da ya raba gida da gida. Fim ɗin da aka ce Sardauna yana ciki, da wuya ya zama Super 8, tunda an kashe shi a watan Janairun 1966, 'yan watanni bayan fitowar samfurin. Sannan ka shinshina gwangwanin. In ka ji warin tsami mai hawa kai, to jikin fim ɗin ya fara ruɓewa, yana tsukewa yana kuma lanƙwashewa, kuma zafi ne ke hanzarta hakan. Akwatin ƙarfe a ɗakin kwano cikin zafin watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura 40, shi ne mafi munin ma'ajiya. Irin wannan faifan ka ware shi daga sauran, don tsamin yana kama na kusa da shi. In kuma baƙin ƙoƙon roba ne a rufe wanda ba a taɓa wankewa ba, kada ka buɗe, haske zai shafe abin da ke ciki.

Hanyar da kowa ke fara tunani ita ce a nemo majigi, a haska a bango, a ɗauka da waya. Na fahimci abin da ke jan mutane, domin babu abin da ya kai zaman iyali a tsakar gida ana kallon kakanni suna motsi. Amma don hoton takarda wannan ita ce mafi rauni, kuma ita ce mai haɗari. Tsakiyar hoton na yin haske fiye da gefuna, ƙwayar fentin bango tana shiga ciki, wayar kuma tana kama ƙyaftawar majigin. Waɗannan duk da sauƙi. Babbar matsalar ita ce haƙoran majigi an yi su ne daidai tazarar sabon fim. Fim ɗin da ya shekara 50 yana shan zafi da bushewar hunturu ya tsuke ya yi ƙanƙas, haƙoran sai su riƙa yaga hujin ɗaya bayan ɗaya. In kuma ka tsayar da shi don ka ɗauki gidan da kake so, zafin fitilar na iya ƙona wannan gidan cikin ɗan lokaci, ka ga rami yana buɗewa a bango daidai fuskar da ka zo nema. Abin da ya ƙone ya tafi ke nan, babu wani kwafi a ko'ina, domin yawancin fina-finan gida wanda ya shiga kyamara shi ne dai aka wanke aka dawo da shi. Ni ba na ba kowa shawarar wannan hanya.

Ta biyu ita ce sikana ta tebur, irin mai fitila a murfi wadda aka yi don tsofaffin fina-finan hoto, misali Epson V600. Ba ta da haƙori, ba ta da zafi, don haka fim ɗin na cikin aminci muddin ba a yanka shi ba. Ana warware ɗan tsawon da ake so a shimfiɗa, faifan biyu suna ajiye gefe da gefe. Matsalarta lissafi ne. A kwali za ka ga an rubuta ɗigo 6,400 a inci, amma abin da idonta ke iya rarrabewa a zahiri bai kai rabin haka ba. Ko da ta ba ka 2,400 na gaskiya, gidan Super 8 zai fito da ɗigo kusan 550 a faɗi da 380 a tsayi. Hoto mai inci 4 da 6 kuwa yana son 1,800 da 1,200 in ana so ya fita tas. Tana da amfani ga 16mm, tana kuma da amfani in kana son ganin gidaje 20 a jere don ka zaɓa. Ga 8mm dai, ba za ta kai ka inda kake so ba.

Ta uku ita ce 'yar na'urar da ake sayowa daga waje, irin Wolverine ko Kodak Reels, wadda ke jan fim gida-gida tana ɗauka tana haɗa maka bidiyo a kan memori. Tana yin kusan gida biyu a daƙiƙa, wato ƙaramin faifai ya ci rabin awa, babba mai ƙafa 400 kuma awa huɗu. Wanda ya san halin wutarmu ya san awa huɗu ba yankewa sai da batir ko sola. Fitilarta ba ta da zafi, amma ita ma da ɗan haƙori take ja, don haka tana sarƙewa a wurin da aka yi ɗori ko inda huji ya yage, dole mutum ya zauna kusa da ita.

Don kallo a waya da turawa 'yan uwa, wannan na'ura ta wadatar, kuma ina ganin darajarta. Amma bidiyon da take fitarwa a matse yake ƙwarai. Don ta rage nauyi, tana zubar da ƙananan bayanai da ido ba ya lura da su in hoto na gudu. Ka tsayar da gida ɗaya ka faɗaɗa, sai ka ga fatar fuska ta zama faci-faci, aikin hula ya cakuɗe, inuwar ƙarƙashin rawani ta koma baƙi ƙirin babu komai ciki. Wannan na ƙarshen ya fi shafarmu, domin baƙar fata ƙarƙashin farin rawani cikin ranar Sakkwato ita ce jarrabawa mafi wuya ga kowace na'ura: ta bi farin, ta bar fuskar a duhu. Amfaninta na gaskiya a wannan aiki shi ne nuna maka inda gidan da kake so yake. Ka kalli bidiyon, ka rubuta minti da daƙiƙa, sannan ka koma kan fim ɗin kansa.

Nan ne hanya ta huɗu ta shigo, wadda na fi yarda da ita. Ana ɗaukar gidan hoton kai tsaye da kyamarar zamani irin ta masu ɗaukar biki, a sa mata gilashin ɗaukar abu na kusa, wanda masu sana'ar ke kira makro. Irin wannan gilashin na iya sauke abu a kan farantin kyamara, wato ɓangaren da ke kama hoton a cikinta, daidai girmansa na zahiri. A kyamara mai ɗigo miliyan 24 da matsakaicin faranti, mai faɗin milimita 23.5, gidan Super 8 zai samu ɗigo kusan 1,480 da 1,020. Wannan kaɗai ya kusa ninka na sikanar tebur sau uku a faɗi. In aka ƙara zoben da ke nisanta gilashi daga jikin kyamara har girman ya ninka biyu, za a kusa 3,000, wanda ya wuce abin da fim ɗin ma ya ƙunsa. A nan za ka fara ganin ƙwayoyin fim ɗin da kansu, alamar ke nan cewa ba abin da ya rage ba ka kwaso ba.

Ga yadda teburin ke kasancewa. Kyamara tana kan ƙafarta tana kallon ƙasa sak. A ƙasa akwai farar fitila mai shimfiɗaɗɗen haske, an ɗora mata farar roba marar sheƙi don hasken ya bazu. In fuskar waya ko ta kwamfutar hannu za ka yi amfani da ita a matsayin fitila, ka ɗaga fim ɗin sama da ita da 'yan santimita, in ba haka ba ɗigoginta za su fito a hoton. Fim ɗin yana ratsawa tsakanin kwali biyu da aka huda wa 'yar taga, faifai ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana juyawa da hannu a hankali. Ana riƙe shi ta gefuna, da safar hannu ta auduga. Ƙura kuwa da 'yar robar hura iska ake kore ta, ba da baki ba, ba da bakin riga ba, ba kuma da ruwa ba. In lokacin hunturu ne, a rufe tagogi, a yayyafa ruwa a ƙasa a share tun da wuri, a bar ɗakin ya lafa kafin a buɗe gwangwani. A kashe fanka. A sa kyamara ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi, don a wannan kusancin ko taɓa maɓalli girgiza ce.

Fa'idar da ta fi girma ita ce iko da haske. Za ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ba ya zubar da komai, ka auna hasken a kan fuskar ba a kan rawanin ba, ko ka ɗauka sau biyu, ɗaya don fari ɗaya don inuwa, a haɗa a kwamfuta. In mutumin ya tsaya cak na rabin daƙiƙa, ka ɗauki gida biyar ko shida a jere, a ɗora su bisa juna. Ƙwayoyin fim suna sauya wuri daga gida zuwa gida, fuskar kuwa tana nan, don haka haɗawar tana rage hatsi-hatsin ta bar kamannin. Wannan gyara ne na halas, domin duk abin da ya fito daga fim ɗin ya fito.

Aibinta shi ne jinkiri, da kuma samun gilashin. Ba kowane ɗakin hoto ke da makro ba, sai ka tambaya tun kafin ka ɗauko fim daga gida. In ka samu mai shi, ka zauna a yi a gabanka. Ba zargi ba ne. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan fim ba, abu na farko da zai zo masa shi ne almakashi. Ɗan gilashin kusa da ake maƙala wa waya yana taimakawa wajen dubawa da zaɓe, amma waya tana shafe hoto da gyaranta kafin ma ka gani, gefuna kuma suna dushewa.

Ta biyar ita ce aikawa kamfanonin da ke da manyan na'urori, waɗanda ke jan fim ba tare da haƙori ba, su ba ka kowane gida a fayil nasa mai faɗin ɗigo 2,048 ko ninkin haka. Wajen inganci babu ta biyunta, kuma ita kaɗai ta dace da fim ɗin da ya tsuke ko ya fara tsami. Amma irin waɗannan kamfanoni sun fi yawa a Turai da Amurka, kuɗin da kuɗin waje ne, kuma za ka rabu da abin da ba shi da na biyu. In za ka yi, ka ba ɗan uwa mai tafiya ya riƙe a jakar hannu, ka kuma faɗa musu ƙarara cewa gida-gida kake so a tsarin TIFF, wanda ba ya matse hoto ya zubar da bayanai, ba bidiyo kawai ba. Na ga dacewarta ne ga wanda faifansa ke da yawa, ko wanda abin da ke ciki ya wuce na gida, kamar hawan salla zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Irin wannan tarihin jama'a ne, ya kamata a kai kwafinsa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna.

Na san da yawa daga masu karanta wannan abin da ke gidansu ba zaren fim ba ne, kaset ɗin bidiyo ne irin na VHS, na bikin aure ko walimar saukar Alƙur'ani. Wannan wani lissafi ne daban, domin babu gidan hoto da za a ɗora wa gilashi. Dole a kunna kaset a na'urarsa, a haɗa da kwamfuta. Abin da zai fito ɗigo 720 ne da 576, kuma VHS ba ya ma cika wannan ɗin. A takarda, hakan bai wuce santimita 6 da 5 ba in ana son ya fita sosai. Kowane hoto kuma rabi biyu ne da aka saƙa layi-layi, shi ya sa gefen abu mai motsi ke fitowa da haƙora, sai an sa manhajar ta warware saƙar. Abin da zan jaddada shi ne a koma kan kaset na asali. Faifan VCD da aka juya a shekarun baya ɗigo 352 ne da 288 kacal, wanda aka turo ta WhatsApp kuwa an sake matse shi. In ka hango farin hunhuna ta tagar kaset ɗin, kada ka kunna sai an tsabtace, zai ɓata kan na'urar ya kuma ci zaren.

Ko ta wace hanya hoton ya fito, a nan ne jarabar take. Za a ce maka akwai manhajar da ke mai da dishi-dishin fuska garau cikin daƙiƙa. Abin da take yi ba tono abin da ya ɓoye ba ne, zana sabuwar fuska take yi daga dubban fuskokin da aka horar da ita a kansu. Tana sauya tsinin hanci, tana daidaita haƙora, tana cike wushirya. Zanen fuska kuwa, irin na Gobirawa ko na Kabawa, sau da yawa tana ɗaukarsa a matsayin ƙarzuwa ta goge. Na ga an miƙa wa wata dattijuwa irin wannan hoton na yayanta, an sa shi a gilashi mai kyau. Ta daɗe tana dubawa, ta shafa kuncin da yatsa inda zanen ya kamata ya kasance, ta ce, "Wanga ba shi na ba." Da aka nuna mata na asalin a waya, mai duhu da hatsi-hatsi, nan take ta kira sunan da take kiransa da shi. Abin da ke damuna shi ne jikokin da ba su san shi ba, su wancan na bangon za su riƙe a matsayin kakansu. A gyara haske, a gyara launin da ya koɗe, a cire ɗigon ƙura. Fuska dai a bar ta yadda Allah ya yi ta.

Batun launi ma ya danganta da irin fim ɗin. Kodachrome, in an ajiye shi a duhu, yana riƙe launinsa shekaru da yawa, za ka ga shuɗin rini da jan sirdi kamar jiya. Wasu samfuran kuwa suna komawa ja-ja ko shuɗi-shuɗi. In launin ya ƙi gyaruwa, a mai da hoton baƙi da fari, ya fi mutunci a kan a ƙirƙiro launin da ba a tabbatar ba. A kuma duba kada a kifa fim ɗin dama ta koma hagu. Rubutun allo ko lambar mota za su nuna. Motoci ma suna taimakawa wajen sanin zamani, domin a ranar 2 ga Afrilun 1972 ne Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama.

To, ga mai gida ɗaya ko biyu da yake so daga lafiyayyen fim, kyamara da makro. Ga mai faifai da yawa da bai san abin da ke ciki ba, 'yar na'urar gida don kallo da zaɓe, sannan kyamara don wankewa. Ga fim mai tsami ko mai tarihin gari, manyan na'urori, kuma da gaggawa.

Wajen wankewa, ka sa wa ranka iyaka. Daga 8mm da Super 8, inci 3.5 da 5 ko 4 da 6 shi ne inda hoto ke da daɗin gani. Gida mai kyau ƙwarai zai iya kai 5 da 7. Daga 16mm za a iya haura haka. Daga VHS, ƙaramin kati. In kana son abin ratayawa a zaure, ka jera ƙanana huɗu ko shida a gilashi ɗaya, dattijon yana juyowa kaɗan-kaɗan, ya fi ƙato ɗaya da ya watse. Ka zaɓi takarda marar sheƙi, tana ɓoye hatsi-hatsi. Sannan ka gargaɗi mai wankewa: gidan fim ya fi takardar 4 da 6 kusa da murabba'i, in ya bar injin ya cike takardar zai yanke sama da ƙasa, rawani ko hula su tafi. Ka ce ya bar farin gefe. A bayan hoton ka rubuta da fensir sunan mai shi, wurin, shekarar da ake zato, da lambar faifan da aka ciro shi, sannan ka mai da fim ɗin ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da rufin kwano.